Yadda ake amfani da kalmar enormous da 'yan uwanta a Turanci

Ina koyar da Turanci a lesin ɗin yamma, yawanci masu shirin WAEC da NECO da JAMB ne ɗalibaina, kuma ɗalibai iri biyu nake gani in an zo maganar girman abu. Na farko big kawai ya sani, in abu ya fi haka girma sai ya ce very big, in ya ƙara girma ya ƙara wata very ɗin, haka zai ta jera su. Na biyu kuma ya tsinci enormous a wani wuri ya haddace, shikenan ta zama abin ado, ko'ina jefa ta yake har inda ba ta da gurbi. Dukkansu gyaransu ɗaya ne, kuma Bahaushe ya fi kowa sauƙin gane shi, don mu ma ba ƙato kaɗai gare mu ba. Muna da makeke, katafare, shirgege, gabjeje, zungurere, gagarumi, kuma ba wanda ya zaunar da kai a aji ya ce kar ka ce "zungureren dutse" ko "gabjejen fili", kunnenka ne kawai ba zai karɓa ba. Toh Turanci ma haka yake, kowace kalmar girma tana da irin sunayen da take bi, aikin da za mu yi kenan.

Kayan da za ka tanada

Littafin rubutu sabo, ko mai warƙa 40 ya isa, amma ya zama na wannan aikin kaɗai, kar ka haɗa shi da lissafi. Biro biyu, shuɗi da ja.

Ƙamus na masu koyon Turanci, irin Oxford Advanced Learner's ɗin nan da ake samu a yawancin makarantu. Ƙaramin ƙamus na aljihu ba zai yi ba, don shi zai ce maka enormous na nufin very big ya yi shiru, ba misali ba komai, alhali misalan muke nema. In ba ka da littafin, ƙamus ɗin Cambridge da na Oxford duk suna intanet kyauta, har da wurin latsawa ka ji yadda ake furtawa. In data ce matsalar, ranar da ka samu ka buɗe shafukan kalmomin da zan lissafa ka ɗauki hotonsu a wayarka ka adana.

Tsofaffin jaridun Turanci guda biyar ko shida, ba sai na yau ba, ko na bara ne za su yi. Wanda ba ya samun jarida ya yi amfani da shafukan labarai a waya. Sai tsofaffin takardun jarrabawa in akwai. Sai kuma mutum ɗaya da zai saurare ka, ko ƙaninka ne.

1. Fara da ma'anar

A shafin farko ka rubuta enormous da manyan baƙaƙe. Sifa ce, ma'anarta abin da girmansa ko yawansa ya wuce yadda aka saba gani. Riƙe wannan "wuce yadda aka saba" ɗin da kyau, don daga nan kalmar ta fito. Asalinta Latin ne, e wato fita daga, da norma wato sukwayar da kafinta yake gwada kusurwa da ita, daga baya ta ɗauki ma'anar ƙa'ida. Daga norma ɗin nan normal ma ta fito. Kenan enormous abin da ya fita daga ma'auni ne. Lokacin da ta shigo Turanci a ƙarni na 16 har mugun aiki da ya wuce gona da iri ana kira da ita, daga baya ma'anar girma ta rinjaya.

Amfanin sanin wannan shi ne girman ana auna shi ne da irin abin. Ɓera in ya kai girman kyanwa "an enormous rat" ne, amma giwar da ba ta wuce sauran giwaye ba a cikin garke ba sai ka ce mata haka ba. Kuma ba abin da ake gani da ido kaɗai take ɗauka ba, tana ɗaukar kuɗi, matsala, nauyin da ke kan mutum, bambanci, tasiri. A gaskiya ma a rubutun jarida nan ta fi yawa.

2. Furuci da rubutu

Gaɓa uku ce, i-NOO-mas, ƙarfin murya a gaɓar tsakiya. Mutanen Ingila ba sa furta r ɗin, 'yan Amurka suna furtawa, duk wanda ka ɗauka daidai ne amma WAEC tsarin Ingila take bi. Abin da nake yawan ji shi ne E-no-mos, an danna gaɓar farko an kuma buɗe ta ƙarshe, wannan gaɓar ta ƙarshe a sace ake faɗinta, gajeriya sosai. A takardar oral akwai tambayoyin inda ƙarfin murya yake faɗawa, so ba wasa ba ne. Ka faɗa da ƙarfi sau goma, ka ɗauki muryarka a waya ka kwatanta da ta ƙamus.

Rubutu kuma harafi takwas ne: e, n, o, r, m, o, u, s. Kuskure biyu ne suka fi yawa, ko a yar da r saboda ba a jin ta a rubuta enomous, ko a saka u sau biyu a rubuta enourmous. U ɗaya ce tak, a ƙarshe, cikin ous ɗin nan da ke famous da dangerous. Ka ja wa r layi da jan biro.

3. A ko an

An enormous, domin da sautin wasali ta fara. An immense ma haka. Amma a huge, a vast, a massive. "An huge" kuskure ne da ya yi yawa wallahi, mutane suna ɗauka h ɗin shiru take kamar ta hour, a'a ana furta ta, hyuuj.

4. Cire very

Nan ne rabin ɗalibai suke faɗuwa. Enormous da kanta tana ɗauke da very a cikinta, saka mata wata kamar ka zuba sukari ne a zuma. Akwai sifofin da suke da hawa-hawa, big, small, hot, cold, su ana cewa very big, a bit cold. Akwai kuma waɗanda sun riga sun kai ƙarshe, enormous, tiny, freezing, excellent, su ba sa son very. Na san a Najeriya "very huge" ta zama ruwan dare, har a bakin manya a talabijin za ka ji, amma mai duba takarda zai iya ja maka layi, kuma in kana rubuta wa wani a waje zai ji ta banbarakwai.

In lallai kana son ƙarfafawa ga abin da ake sakawa: absolutely enormous, truly enormous, really enormous. Ta ƙarshen ta fi dacewa da hira.

Haka wajen kwatanta abu biyu, ka koma wa bigger ko larger. "Kano is much bigger than Wudil" ya fi a ce more enormous, wadda ba kasafai ake jinta ba. Sai too, da yawanmu muna amfani da ita a matsayin "sosai", alhali a Turanci tana nufin abu ya yi yawa har ya ɓaci. "The hall is too big" ƙorafi ne, ba yabo ba.

5. Jera na Hausa tukuna

Wannan matakin kar ka tsallake shi ko da ka ga kamar ɓata lokaci ne. Buɗe shafi biyu masu kallon juna. A na hagu ka rubuta duk kalmomin girma na Hausa da ka sani, kowace da abubuwa uku da kake jin ta dace da su. Makeken fili, makekiyar gona, makeken allo. Katafaren gida, katafaren kanti. Shirgegen dutse. Gabjejen ɗan dambe. Gagarumin aiki, gagarumar nasara. Ɗimbin jama'a, maƙudan kuɗi. In ka gama ka duba, za ka ga makeke faɗi take nufi, katafare gini, shirgege nauyi da cika wuri, gagarumi abin da ba a taɓawa da hannu, maƙudai kuwa kusan kuɗi kawai take bi. In kana da tsohuwa a gida ka tambaye ta, za ta ƙaro maka wasu da ba ka taɓa ji ba.

Shafin dama na Turanci ne. Amma gargaɗi, ba fassara ɗaya bisa ɗaya muke yi ba, ba za su hau daidai ba, jagora ne kawai don ka saba tambayar kanka: wannan girman na faɗi ne, na nauyi ne, na yawa ne, ko na muhimmanci?

6. Shigo da 'yan uwan

Huge ita ce ta kullum, duk inda enormous ta shiga kusan za ta shiga, sai dai ta fi sauƙi a baki. In ka rasa wadda za ka ɗauka ka ɗauki ɗaya cikin biyun nan ba za ka yi nisa da daidai ba.

Vast ita ce makeke. Faɗi, fili, abin da ido ba ya ganin ƙarshensa. Hamadar Sahara da ta kai kusan murabba'in kilomita miliyan 9 "a vast desert" ce. Ana cewa vast farmland, vast experience, vast sums of money, sai kuma "the vast majority", wato mafi rinjaye da nisa, wannan ka haddace ta a dunƙule. Ba a cewa mutum vast don yana da jiki. Wajen furta ta ka ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, in ba haka ba bast ko fast za ta fito, kuma fast wata kalma ce daban.

Massive daga mass take, nauyi da kauri, abu dunƙulalle. Dutsen Zuma da ke jikin tsohuwar takardar naira 100, in ka taho daga Kaduna ka kusa Abuja ya tare maka gaba, wannan shi ne "a massive rock". Bangon madatsar ruwa ta Kainji ko ta Tiga ma haka. Yanzu dai an sake mata fuska, ana cewa massive increase, massive explosion, likitoci suna cewa massive heart attack, 'yan ƙwallo kuma komai massive ne a wurinsu.

Immense asalinta abin da ba ya aunuwa, kuma ta fi son abin da ba a gani: immense pressure, immense value, immense contribution, wadda ba a gama jawabin godiya a Najeriya ba a faɗe ta ba. Ta fi zama a rubutu na hukuma.

Gigantic daga kalmar Girkanci gigas, wato ƙaton mutum na tatsuniya. Giga ɗin da kake saye na data daga nan take, ma'anarta biliyan. Ana furta ta jai-GAN-tik, kuma ta fi dacewa da abin da ido ke gani, gini, jirgi, mutum-mutumi. Dalar gyadar Kano ta da, da ake jera buhu dubbai har ta yi tsororuwa, "gigantic pyramids" ya zauna mata.

Colossal daga wani ƙaton mutum-mutumi da aka gina a tsibirin Rodes na Girka, tsayinsa wajen mita 33, girgizar ƙasa ta kayar da shi wajen shekara ta 226 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam. Abin lura a nan shi ne a yau ta fi yawan bin mummunan abu: colossal waste, colossal loss, colossal failure. In ka ga ɗan jarida ya ɗauko ta to yawanci faɗa zai yi.

Mammoth sunan wata giwa ce mai gashi da ta ƙare a duniya tuntuni, kalmar daga Rashanci ta shigo. Jaridunmu sun maƙale wa "mammoth crowd" duk lokacin kamfen, a waje kuma an fi cewa mammoth task. Jumbo ma sunan giwa ne amma guda ɗaya, an kamo shi daga yankin Sudan, ya zauna gidan namun daji na Landan daga 1865, a 1882 aka sayar da shi Amurka ga mai wasan nuni, ya yi suna har aka koma kiran duk babban samfuri da sunansa. Shi ya sa Boeing 747, irin wanda ya daɗe yana jigilar alhazanmu, ake ce masa jumbo jet. Kalmar talla ce da kanun labarai, ban so in gan ta a insha'i.

Akwai humongous da ginormous da za ka ji a finafinai da TikTok, na wasa ne, ka gane su in ka ji amma kar su shiga takardar jarrabawa ko wasiƙar neman aiki.

Kar ka ɗebo su duka rana ɗaya. Enormous da huge da vast a makon farko, sauran su biyo baya.

7. Farauta a jarida

Ɗauki jarida da jan biro, duk inda ka ga ɗaya daga cikinsu ka zagaye ta tare da sunan da ya biyo ta, sunan nan shi ne abin da muke nema. Ka kwafe su biyun a shafin kalmar. Shafin ra'ayi da na kasuwanci da na wasanni sun fi yawan su. In ka tara kamar goma-goma za ka fara ganin abin da kanka, enormous tana ta dawowa da amount, pressure, challenge, potential, responsibility, ita kuma vast da majority da land da resources.

Sai dai fa ba duk abin da jarida ta buga ne daidai ba, 'yan jarida ma suna sauri suna kuskure. Duk haɗin da ka tsinta ka duba misalan ƙamus, in ka ga irinsa ka sa masa alama, in ba ka gani ba ka bar shi gefe da alamar tambaya har sai ka sake ganinsa a wani wuri daban kamar shafin BBC na Turanci.

8. Gina jimlolinka

Yanzu ka rubuta jimla biyar a kan kowace kalma, daga abin da ka sani a garinku, kasuwa, gona, makaranta, ba kwafe na ƙamus ba. Ga abubuwan da za ka kiyaye.

Abin da ake ƙirgawa number, wanda ba a ƙirgawa amount. "An enormous number of traders", "an enormous amount of maize". Kuɗi a nahawun Turanci ba a ƙirga shi, abin dariya ne amma haka yake, don haka amount of money.

In sifofi sun taru girma yana gaba da shekaru da launi: "an enormous old black pot". Sifa kuma ba ta jam'i a Turanci, mu muna cewa ƙato, ƙatuwa, ƙatti, su enormous ɗin nan ɗaya ce ko namiji ko mace ko dubu.

So da such suna rikita mutane. In suna ya biyo baya such ce: "It was such an enormous crowd that the road was closed." In babu suna, "so" ce: "The crowd was so enormous that the road was closed." Rubuta kowace sau uku da naka misalin.

Bayanau ɗinta enormously, tana bin aikatau irin su benefit, vary, help, enjoy: "Prices vary enormously from market to market."

Bayan ka rubuta ka karanta wa abokin karatunka da ƙarfi. In ba kowa, ka ajiye littafin sai gobe ka karanta da sabon ido, kurakuran "a" da "an" su ne za su fara tsalle su fito.

9. Tarkuna huɗu

Na farko namu ne na Hausawa, babba. Babban mutum ba enormous man ba ne, in ka ce haka cewa ka yi ƙato ne jibgege. Mai daraja great man ne ko important man. Babban wa eldest brother, babban birni capital in hedikwata kake nufi, babban asibiti general hospital. Dogon mutum kuma tall ne kawai.

Na biyu enormity. Kamar sunan enormous take, kuma mutane da yawa har Turawan suna amfani da ita da ma'anar girma, amma tsohuwar ma'anarta munin laifi ne, "the enormity of the crime". Ta zauna in abin mai nauyi ne ko mai tayar da hankali. Kar ka ce enormity na masallaci ko na kyautar da aka yi maka, ka ce the size ko the sheer size ka huta.

Na uku bogus. A nan gida ana cewa bogus salary ko bogus gown ana nufin mai girma, ƙila don ta yi kama da big. Ma'anarta jabu, na bogi, kalmar bogi ɗin da muke faɗa ma ai ka ji kamar da suke yi. In JAMB ta kawo ta a tambayar ma'ana mafi kusa, fake ko false za ka nema.

Na huɗu "he is vast in English". Abin da ake son faɗa shi ne well versed in, kunne ne ya haɗa su. Amma "he has vast knowledge of English" daidai ne.

10. Gwaji da bita

Ɗauko tsofaffin takardun jarrabawa ka je sashen ma'ana mafi kusa da na kishiya, ka nemo duk inda kalmar girma ta fito. Kishiyoyin da ake yawan kawowa su ne tiny, minute da minuscule, kuma minute ɗin nan ba ta agogo ba ce, mai-NYUUT ake cewa. Dabarar ita ce ka cire kalmar ka saka kowane zaɓi a gurbinta ka karanta jimlar gaba ɗaya, don sau da yawa zaɓi biyu duk girma suke nufi amma ɗaya ce kawai take bin sunan da ke wurin.

A insha'in WAEC mai kalma 450, biyu ko uku daga cikin kalmomin nan sun wadatar, kuma kowace ta zo inda abin ya cancanta. In matsalar ruwa enormous ce, ta wuta ma enormous, ta hanya ma enormous, mai karatu ba zai san wacce ta fi damunka ba, ka bar wa big da large da serious sauran. Bita kuma ka buɗe littafin bayan kwana ɗaya, bayan kwana uku, sannan bayan mako, ka rufe shafin dama da hannu ka duba na Hausa ka gwada tuno na Turanci da sunayen da suke bi. Wadda ta kuɓuce maka ka sa mata ɗigon ja, ranar bita ta gaba da masu ɗigon za ka fara.